Chencho Yana Nan

Gidan Don Nicanor Balderas yana da taya shida, amma rabonsa da motsi shekara ashirin da shida. Tayoyin suna nan a ƙarƙashi, duk sun sace, kyanwowin unguwa na haihuwa a tsakaninsu. Gidan nasa ne, da gumin yankan inabi ya biya kuɗinsa tas. Ƙasar da gidan yake kai kuwa ta wani kamfani ce da ba a taɓa ganin fuskar mai shi ba. Haka duk tireloli, wato gidaje masu taya, hamsin da takwas na filin da yake zaune suke, rufi naka, ƙasa ta wani, kowane wata ka biya hayar inda ka tsuguna. Ranar da mai ƙasa ya ce ka tashi kuma, kai kaɗai za ka tashi, don tirelar da ta tsufa haka in aka ja ta, kafin a kai bakin titi ta rabe gida biyu.

A watan Fabrairu yayansa Fulgencio ya sauka, wanda kowa ke kira Chencho, da jaka ɗaya da tari mai nauyi. Nicanor ya kai shi ofishin filin aka shigar da sunansa cikin kwamfuta a matsayin baƙo, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Chencho mutum ne da duniya ta yi ta kora. An kore shi daga gonakin auduga da na lemo, an tsallaka da shi iyaka sau biyu a motar hukuma, mata biyu sun watso masa kaya waje, ɗaya har da akwatin rediyo a ka. Ranar da ya cika kwana goma sha takwas, yana kwance a kan doguwar kujera, ya dubi ƙanen nasa ya ce, "Nica, nan ma kwana nawa ya rage kafin a ce in fita?"

"Yaya, daga nan ba mai ƙara fitar da kai. Ni na faɗa."

Kafin la'asar Chencho ya cika. Motar asibiti ta ɗauke shi, aka ƙone gawar kamar yadda ya bar wasiyya, don kabari a California ya fi gidan Nicanor tsada. Bayan kwana tara ya dawo, ya zama toka, cikin wani ɗan tulu na tangaran mai ruwan ƙasa. Nicanor ya ɗora shi a kan firij, inda zai riƙa hango talabijin, kowace safiya ya zuba kofi biyu, ya shanye nasa, ya jira kaɗan, sannan ya shanye ɗayan don kada a yi asara.

Ɗaya ga Afrilu takardar haya ta zo. Kuɗin fili, kuɗin ruwa, kuɗin shara, sai wani sabon layi a ƙasa: baƙo, dala takwas a kullum, jimla ɗari biyu da arba'in.

Ya sa hularsa ya nufi ofis. Manajar, Misis Darlene Pruitt, mace ce doguwa mai muryar wadda ta sha taba shekara arba'in. Ba muguwa ba ce, tsoron kwamfutar kamfani ne ya yi mata yawa.

"Misis Darlene, wane baƙo ne wannan?"

Ta latsa, ta duba. "Fulgencio Balderas. Ya shigo, bai fita ba."

"Ai ya rasu. Ke da kanki kika kawo min biredin ta'aziyya."

"Na sani, Mista Balderas, Allah ya ji ƙansa. Amma abin nan gurbi biyu gare shi. Yana ciki, ko ya fita."

Nicanor ya zaro takardar shaidar mutuwa ya shimfiɗa mata. Ta karanta har ƙasa, ta mayar masa. "Wannan ta ce ya mutu. Ba ta ce ya fita ba. Amma kada ka damu, abu ne mai sauƙi. Ga fom, ka sa hannu a nan cewa baƙonka ya fita, in goge kuɗin yanzu kana tsaye."

Nicanor ya kalli biron da ta miƙo masa kamar kunama ce.

"Ya fita ina?"

"Ko'ina. Ba ruwan kwamfuta."

"Ai yana nan. Yana kan firij."

Misis Darlene ta rufe ido. "Don Allah kada ka faɗa min haka. In ka faɗa, dole in rubuta."

"To ƙarya zan yi miki? Yana nan."

"Mista Balderas, saurara da kyau. In ba ka biya ba, kwamfuta za ta aiko maka da takardar gargaɗi. Gargaɗi uku a shekara, na huɗu ba gargaɗi ba ne, lauyan kamfani ne. Ka sa hannu kawai. Kalma biyu ce."

"Kalma biyun nan ya sha su shekara saba'in da huɗu. Ba da hannuna za a ƙara masa ba."

Ya biya ɗari biyu da arba'in ɗin daga kuɗin da yake tarawa na gyaran haƙori, ya koma gida yana tauna da gefe ɗaya. Fanshonsa ba zai ɗauki wannan ba ko wata biyu, shi ma ya sani.

Da yamma ya tsallaka gida mai lamba sha tara, wajen Doña Eduviges Lomelí. Ita wannan ta yi shekara talatin tana jera lemo a kwali, mijinta ya daɗe da mutuwa, kuma ita kaɗai ce a filin take karanta littafin dokar jiha da ake tilasta wa kamfani ya raba wa mazauna. Sauran mutane da shi suke tokare ƙafar tebur. Ita ce ta sa aka soke kuɗin kare, da ta nuna cewa ba a karɓar ko sisi a kan dabba sai an gina wa dabbar wani abu. Ita ce kuma ta sa aka dawo wa mutum goma sha ɗaya da kuɗin ajiyarsu. Misis Darlene in ta hango ta tafe da littafin, sai ta juya allon ƙofa ta ce an tashi.

Doña Eduviges ta zuba masa miyar wake, ta sa tabarau.

"Baƙo," ta ce, tana bin layi da yatsa. "Ba a cajinsa in bai wuce kwana ashirin a jere ba, ko talatin a shekara. Naka ya wuce."

"Ai ba baƙo ba ne. Yayana ne, ciki ɗaya."

"Iyali ba a caji, gaskiya ne. Bari mu ga su wa doka ta sani." Ta juya shafi. "Mai gida. Matarsa. 'Ya'yansu. Iyayensu. Jikoki ƙanana." Ta ɗaga kai. "Shi ke nan."

"Karanta gaba."

"Babu gaba, Nicanor."

"Surukata da ta zage ni har ta mutu, ita iyali ce?"

"Ita iyali ce."

"Wanda ya goya ni ya tsallaka kogi da ni kuma baƙo ne?"

"Dala takwas a kullum."

Nicanor ya ajiye cokali. "Wanda ya rubuta littafin nan shi kaɗai uwarsa ta haifa."

Akwai wani shafi a gaba da ta manne da hoton wata waliyyiya, ta tsallake shi da sauri. Nicanor bai kula ba, hankalinsa na kan firij.

"Ga dabara," ta ce. "Kwana ashirin ɗin na kowane gida ne. Ka kawo shi nan ya yi ashirin a wurina. Daga nan ya koma gidan wani. Gida hamsin da takwas, sai ya shekara uku bai maimaita ba."

"Na ce masa ba mai fitar da shi."

"Wa ya ce fita? Ya wuce ƙofar fili? Ziyara ce, tsohon kai. Darlene lambar gida kawai za ta canza."

Nicanor ya juya maganar, ya ga akwai wayo a ciki amma babu ƙarya. Washegari ya naɗe tulun da tawul ya tsallaka da shi. Misis Darlene ta goge lambar gidansa, sha bakwai, ta rubuta sha tara, ta ce ita dai kada a ƙara yi mata bayani.

Kwana ashirin na farko lafiya lau. Kullum Nicanor yana can, yana shan kofi biyu a teburin Doña Eduviges, ita kuma ta fara sa jan baki tun da safe. Da wa'adi ya cika aka kai Chencho gidan wani tsohon direba mai suna Ruperto. A kwana na uku Ruperto ya kankare katin caca a gaban tulun, ya ci dala ɗari biyar.

Daga ranar Nicanor ya rasa yayansa. Kafin azahar an yi layi a ƙofar Ruperto. Wata ta ce ƙafarta ta daina ciwo tun da ta shafa murfin. Wani ya ce 'yarsa da ta yi shekara biyu ba ta kira ba ta bugo waya. Aka buɗe littafin jira, aka rataye shi a ɗakin wanki, mutane suka fara sayar wa juna layi. Mutumin da ba wanda ya taɓa so ya kwana biyu a gidansa yana da rai, yanzu mata biyu sun ba hamata iska a kansa, har ɗaya ta rasa ɗan kunne. Ana jera masa tamale, wato alalar masara, da kyandir da kwalbar giya. Wani ya ɗinka wa tulun 'yar hula.

Nicanor ya je gaishe shi a gida mai lamba talatin da ɗaya, matar gidan ta tare ƙofa.

"Don Nicanor, yana hutawa."

"Hutawa? Aikin me ya yi?"

"Tun safe yake karɓar mutane. Ka dawo jibi."

"Ke, yayana ne fa!"

"A littafi baƙona ne. Naka kwanakin sun ƙare, sai Janairu."

Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Gida mai lamba sha bakwai ya cinye talatin ɗinsa na bana. In Chencho ya kwana ɗaya a kan firij, dala takwas. Nicanor ya koma gida ya zauna. Ya zuba kofi ɗaya, ya kasa sha. Ya kunna talabijin, ya ga ba wanda zai yi wa bayanin wasan, ya kashe. Ya yi wa mutum alkawarin ba za a ƙara ɗaga shi ba, ga shi nan ana yawo da shi gida-gida da hula a ka kamar biri a kasuwa. Cikin wata biyu wandonsa ya fara zamewa.

Wata Asabar da hantsi ya je ya zauna a matakalar Doña Eduviges, bai ko ƙwanƙwasa ba. Ta fito da kwandon shanya ta same shi.

"Kai kuma lafiya? Ka zama kamar tsintsiya."

"Doña, na yanke shawara. Zan ɗauko shi. Su caje ni. In gargaɗi ya cika uku, mu fita tare, ni da shi."

"Ku fita ku je ina? Ƙarƙashin gada?"

"Ya taɓa zama a can. Zai nuna min."

 Ta dire kwandon da ƙarfi, ta shiga ciki, ta fito da littafin. Ta sa farce ta ɓamɓare hoton waliyyiyar daga shafin nan.

"Karɓi. A'a, bari, kai karatunka sai gobe." Ta karanta da murya a bushe. "Wanda yake zaune shi kaɗai yana da ikon ya zaɓi mutum ɗaya ya zama abokin zamansa, kuma ba za a caje shi komai ba."

Nicanor ya miƙe. "Ko wane ne?"

"Ko wane ne. Ba a ce iyali ba, ba a ce baƙo ba."

"An ce sai mai rai?"

Ta sake dubawa. "Ba a ce ba."

"To tun yaushe wannan yake ciki?"

"Tun da aka buga littafin."

"Ya aka yi ba ki gani ba?"

"Hoto ne ya rufe shi," ta ce, ta ɗauki kwandonta.

Ranar Litinin sai da aka yi ƙaramin yaƙi kafin a karɓo tulun, don mutumin da ke riƙe da shi ya sayi layinsa dala ashirin kuma bai ci komai ba tukuna. Nicanor ya cire hular ya jefa masa, ya rungumi yayansa ya nufi ofis, Doña Eduviges na biye da littafi, rabin filin na biye da ita. Misis Darlene ta kai hannu ga allon ƙofa, amma ta makara.

Doña Eduviges ta karanta mata shafin. Misis Darlene ta bugi kwamfuta, sai ga gurbi na uku da ba ta taɓa buɗewa ba: abokin zama.

"To," ta ce, "sabon mazauni. Kwamfuta tana neman kuɗin ajiya, ko da zai yi ɓarna."

"Ɓarna?" in ji Nicanor. "Da me?"

"Ajiya sau ɗaya ake karɓa, ranar shiga," in ji Doña Eduviges. "Kin karɓa a hannun Nicanor shekara ashirin da shida da suka wuce. Kina so mu yi maganar inda take?"

"Ba na so." Ta latsa, layin ya ɓace. "Filin nan na masu shekara hamsin da biyar zuwa sama ne. Ya kai?"

"Saba'in da huɗu."

"Yana da mota?"

"A'a."

"Kare?"

"A'a."

"Zai kiyaye dokar hana hayaniya bayan ƙarfe goma?"

"Ya fi kowa."

Injin ya turo takarda. Misis Darlene ta nuna masa layi biyu a ƙasa. Nicanor ya zana sunansa a na farko, a hankali, harshe a waje. Ta ɗora yatsa a na biyu.

"Nan kuma shi."

Nicanor ya dubi tulun.

"Misis Darlene..."

"Na sani. Wallahi na sani. Amma in layin nan babu komai, takardar za ta dawo min daga kamfani, shi kuma ya koma baƙo. Kuma kada ka sa masa hannu, wannan laifi ne babba, ni da kai duka."

Nicanor ya tsaya yana kallon layin. Chencho bai taɓa zama a aji ba. Duk takardar da aka taɓa korarsa da ita, da babban yatsa ya dangwala mata.

"Ana karɓar dangwale?"

Ta duba bayan fom ɗin. "Sa hannu ko alama, in akwai shaida biyu."

"Sai lallai da tawada?"

Doña Eduviges ta buɗe littafi, ta rufe. "Ba a ce ba."

Tun da tulun ya zo gidansa bai taɓa buɗe shi ba. Ya ajiye shi a kan teburin, ya murɗa murfin, ya cire hularsa. Ya lashi babban yatsansa, ya ce, "Yaya, gafara dai," ya tsoma, ya danna a kan layin da ƙarfi kamar mai kashe kuɗin cizo. Da ya ɗaga, ga alama nan toka-toka, zagaye, ba ta ko karkace ba.

Misis Darlene ta ja kujerarta baya har ta bugi bango. "Yatsan naka ne," ta ce da ƙyar.

"Yatsan nawa ne. Wanda ya taɓa takardar shi ne."

Ta kalli Doña Eduviges, ta kalli jama'ar da suka manna fuska a taga, ta kalli agogo. Sannan ta ɗauki biro ta sa hannu a gurbin shaida, ta tura wa Doña Eduviges ita ma ta sa. Ta riƙe takardar da yatsa biyu ta ɗora a na'urar hoto. Kwamfuta ta yi tunani, ta yi ƙara ɗaya, sunan Fulgencio Balderas ya tashi daga jerin baƙi ya koma na mazauna. Misis Darlene ta buɗe durowa ta miƙo mabuɗin ɗakin wanki da katin shiga wurin iyo, don haƙƙinsa ne, sannan ta fita baya ta kunna taba.

A waje jama'a suka yo ca, masu layi suna tambayar makomar kuɗinsu. Nicanor ya ratsa su da tulu a ƙirji. Sai da suka kai tsakanin sha bakwai da sha tara ya juyo.

"Doña, ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Gurbin ɗaya ne, Nicanor," ta ce. "Mutum ɗaya tak doka ta ba ka."

"To ai ɗaya nake buƙata."

"Na sani, jakin Allah."

Ta hau matakalarta ta rufo ƙofa har tagar ta girgiza.

Nicanor ya shiga gida, ya goge saman firij da hannun riga, ya ɗora Chencho, ya juya shi ya fuskanci talabijin. Ya ajiye masa mabuɗin wanki a gefe. Ya ɗora ruwan kofi, ya tsaya yana jira ya tafasa, yana leƙen gida mai lamba sha tara ta labule.

"Yaya," ya ce, "kai da ka san mata. Me na yi kuma?"